Azumin da Ban Ɗauka Ba, da Lazanyar da Ta Karya Shi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai surukina cin abinci a Guangzhou ba. Har yau idan abin ya faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, ko da kuwa ni kaɗai ne a ɗaki.

Shekarata shida ke nan a garin, ina saya wa 'yan kasuwar Kano kaya ina yi musu lodi. A lokacin da abin ya faru wata takwas da aurena da Hafsa, amma zaman da muka yi tare bai wuce sati biyar ba. Na dawo bakin aiki, ita kuma ta koma gidansu kafin takardunta su fito. Takardu sun kusa kammala, gida na kama, har labule na canza. Abu ɗaya ya rage, shi ne Baba, mahaifinta. Bai ce a'a ba (Baba ba ya cewa a'a, sai dai ya ce "to, bari mu gani", ka shekara kana jiran ganin). Cewa ya yi ya ji labarai iri-iri a kan samarin da ke zaune a China, don haka ba zai saki 'yarsa ba sai ya zo ya ga wurin da idonsa. Kayan famfo yake sayarwa, dama kuma yana da niyyar zuwa baje kolin Pazhou na watan Oktoba. Hafsa ta kira ni ana gobe zai taso, ta ce, "Don Allah ka nutsu. Kwana shida ne kawai. Na gaji da zaman nan."

Na ce mata kar ta damu, ai ni nutsattse ne. Wallahi haka na faɗa.

Sai na gaya muku raunina kafin ku gane sauran. Akwai wani ɗan gidan abinci a wani lungu da ke bayan titin Huanshi Lu, na wani dattijo ɗan Misra da kowa ke kira Ammu. Shekara ashirin ya yi a Amurka yana girki a kicin ɗin Italiyawan can, kuma kullum sai ya jaddada maka cewa abincinsa ba na Italiya ba ne, na Italiyawan da suka je Amurka ne suka tarar da nama da cuku a wadace suka kasa riƙe hannu. Komai nasa halal ne. Akwai taliya da miyar tumatir da manyan curin nama uku a kai. Akwai soyayyar kaza da ake lulluɓewa da cuku a mayar wuta. Akwai burodi mai tafarnuwa da man shanu. Sannan akwai lazanya, wato faffaɗar taliya da ake jerawa hawa-hawa, nama da miya da cuku a tsakani, a gasa har gefen ya yi ƙauri. Ranar da na fara cin ta, a shekarata ta farko, lokacin ba ni da kowa a garin kuma kewar gida na neman kashe ni, sai da na ji kamar wani ya dafa kafaɗata. Tun daga nan na mayar da kowace Litinin ranar zuwa wurin Ammu. Ba na karyawa da safe, shayi kawai nake kurɓa don in bar mata wuri. Na taɓa gwada yin ta a gida, to gidajen nan ba su da abin gashi, a tukunya na yi, abin da ya fito fate ne mai tsada. Daga nan na haƙura, sai dai in sayi biyu in kai ɗaya firij.

Kwana ukun farko na zuwan Baba lafiya lau. Yana tare da abokan tafiyarsa, tare suke cin abinci a masauki, ni kuwa da na ga an fara shimfiɗa leda sai in ce ana nemana a sito. Ranar Litinin abokan suka tafi tashar jiragen ruwa ta Huangpu duba lodin kwantena, aka bar ni da shi mu biyu. Tun safe muke zaga rumfuna a Pazhou, yana murɗa kan famfo yana ƙwanƙwasa bututu, ina fassara. Bayan mun yi azahar ya dafa ƙugu ya ce, "Malam, yau ina za mu sa wani abu a baki? Shinkafar nan da miya ta ishe ni."

Nan take na tuna Hafsa ta taɓa ce mini Baba na son taliya. Zuciyata ta ce ga dama ta samu: ka nuna masa kana cin halal, ka san wuri mai tsafta, 'yarsa ba za ta wahala ba. Har wani murmushi nake yi a tasi, ina jin kaina mai dabara.

Sai da muka zauna na gane abin da na yi wa kaina. Teburin Ammu na mutum biyu bai fi faifai uku ba, gwiwata har tana gogar tasa. Ku da kuka san gidajenmu kun san yadda abin yake. In na je gaisuwa a Kano, ɗakin baƙi ake kai mini abinci a ja ƙofa, shi kuma Baba ya tuna yana da wani uzuri a waje. Ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Yau ga shi ga ni, ido cikin ido. Kuma da tuwo ne da sauƙi, ka sunkuyar da kai ka haɗiye ba wanda ya ji. Wannan kuwa taliya ce mai marin haɓa, da cuku mai bin mutum har gemu.

Ban gama wannan tunanin ba ma'aikaciyar wurin, wata Basiniya da ta san ni kamar yunwar cikinta, ta iso da fara'a. "Laoban!" in ji ta, wato maigida, ta dire burodin tafarnuwa da lemon da na saba sha a gabana, ba tare da na ce uffan ba. Na yi maza na tura su gaban Baba kamar dama shi aka kawo wa.

Ya gutsuri burodin, ya turo kwandon tsakiya. "Bismillah mana."

"Baba, ai ni... azumi nake."

Har gobe ban san daga ina maganar ta fito ba. Ga "na ƙoshi" a kusa. Ga "cikina ne ba daɗi". Duk na tsallake su na je na ɗauko babba. (Kuma na sha shayi da safe, rana ta riga ta karkata, don haka ko malamin da ya fi kowa sassauci ba shi da hanyar da zai cece ni.)

Baba ya ajiye burodin a hankali. Ya dube ni irin kallon da bai taɓa yi mini ba. "Na Litinin?"

"E, Baba."

"A ƙasar nan? Da wannan zirga-zirgar da muka sha tun safe? Masha Allah. To ai bai dace in zauna ina ci a gabanka ba. Tashi mu tafi."

Na rantse, na roƙe shi, na ce ni na saba, ƙamshin abinci ba ya damuna ko kaɗan. Ina cikin wannan sai ga Ammu ya fito daga kicin, hannuwa a buɗe, yana kirari da Larabci, shi kuwa Baba yana jin Larabci daidai gwargwado saboda zuwa Saudiyya. Na miƙe da gudu na tare shi tun kafin ya iso, na rungume shi kamar mun shekara ba mu haɗu ba, na raɗa masa a kunne: "Surukina ne. Azumi nake. Kar ka tambaye ni komai." Ammu ya ja baya, ya kalli fuskata, ya kalli tumbina, ya ce, "Allah ya karɓa," da irin muryar da ake yin ta'aziyya.

Haka na zauna na yi wa Baba odar duk abin da nake so a duniya. Ya sa cokali ya daddatse taliyar, ya zaro ƙullin yajinsa daga aljihu ya barbaɗa (ɗan kasuwar Kano zai iya manta fasfo, amma ban da yaji). Da aka kawo lazanya tana tafasa a gefe, ya ɗanɗana, ya ƙara. Daga nan ya shiga ba ni labarinta kamar ban taɓa ganin ta ba. "Ka ga nan ƙasan, nama ne. Nan kuma wani abu ne kamar kindirmo amma ya fi shi nauyi. Kai, mutanen nan sun san daɗi. Kash, da ba ka azumi." Cikina ya yi wata ƙara, na yi tari na rufe. Ina satar kallon ƙofar kicin kar Ammu ya sake fitowa, ina addu'a kar wani ɗan Kano da ya san ni ya shigo, ga gumi na bin bayana duk da sanyin na'ura.

Can yana sharce miya da guntun burodi sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ita yarinyar za ta so wannan abin."

Gabana ya faɗi, amma na daɗi. Tunda ya sauka wannan ne karo na farko da ya ambaci Hafsa da garin nan a magana ɗaya. Na ce a raina ashe ƙaryar ma ta yi rana. Kafin mu tashi ya sa na kira ma'aikaciyar, ya ce a ƙunsa lazanya guda sukutum. "Ta buɗa-bakinka ce. Ni zan biya, kar ka yi musu." Ya kuma ce daga nan gidana za mu, ya ga inda 'yarsa za ta zauna, mu sha ruwa tare.

Tafiyar minti goma sha biyar ce, kwalin na kan cinyata, ɗuminsa na ratsa shadda, ƙamshin ya cika motar. Ban taɓa sanin mutum zai iya jin haushin kwali ba sai ranar.

A gida Baba ya yi bincike irin na mai kayan famfo. Ya buɗe kowane famfo ya saurari ƙararsa, ya leƙa ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ya jijjiga makullin ƙofa, ya tambayi su waye maƙwabta da nisan masallacin Juma'a. Duk amsar da na bayar sai ya gyaɗa kai. Muka yi la'asar, ya ce bari ya ɗan miƙe a doguwar kujera kafin rana ta faɗi. Ba a jima ba na ji numfashinsa ya canza.

Na duba agogo, ƙarfe huɗu da 'yan mintuna. Saura kusan awa biyu. Na zauna a kan darduma, kaina na sarawa don yunwa. Sai Shaiɗan ya zo mini da fiƙihu. Ya ce kai fa ba azumi kake ba. In ka ci ba ka karya komai ba. Laifin da ke akwai ƙarya ce, ita kuwa an riga an yi ta, yunwa ba za ta goge ta ba. Loma ɗaya kawai, ka gyara saman da cokali, wa zai sani? Na auna hujjojin nan na ga babu ta inda suka yi rauni.

Na tashi da sanɗa na shiga kicin na ja ƙofa. Niyyata in ci da sanyinta, amma da na buɗe kwalin na ga cukun ya daskare sai na ji ba zan iya yi mata wannan wulaƙancin ba. Na juye rabi a faranti na sa a injin ɗumama abinci. Na san yana ƙara in ya gama, don haka na tsaya da yatsana a kan maɓalli ina ƙirga daƙiƙa, saura ɗaya na buɗe. Ko ƙis bai yi ba. Na tuna farar shadda ce a jikina, ɗigon miya ɗaya zai tona ni, sai na ɗauki tawul ɗin goge kwanuka na soke a wuya. Na tsuguna a ƙasa tsakanin firij da bango. Ina jinjina wa kaina, wai ni mai lissafi.

Loma ta farko sai da na lumshe ido. Ta biyu na manta da Baba. Ta uku na manta da Hafsa, Allah ya yafe mini. A ta huɗu ne cukun ya ƙi tsinkewa. Na ja cokali sama, ya biyo. Na miƙa wuya baya, ya ƙara tsawo. Ina nan a haka, baki cike, zare ɗaya daga leɓena har faranti, sai na ji an ja ƙofa.

Baba ne, ƙwayar maganin hawan jini a tafin hannunsa, ya zo neman ruwa.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka muna kallon juna ba. Na kasa taunawa, na kasa haɗiyewa, zaren nan kuma yana nan yana lilo bai tsinke ba. Abin da kawai ke yawo a kaina shi ne muryar Hafsa tana cewa ta gaji da zaman nan.

Baba ne ya fara magana, a hankali. "Mantuwa ce?"

Jama'a, ƙofa ya buɗe mini, kowa ya san wanda ya ci da mantuwa azuminsa na nan. Mai hankali zai gane cewa dattijo irin Baba ba ya buɗe irin wannan ƙofar don a shiga, sai don ya ga ko za a shiga. Ni kuwa na faɗa da ka. Na haɗiye lomar da zafinta, na ce, "E, Baba. Wallahi... mantuwa ce."

Ya kalli injin da ƙofarsa ke buɗe, fitilarsa na ci, daƙiƙa ɗayar da na rage tana nan a rubuce. Ya kalli farantin. Ya kalli tawul ɗin wuyana.

"Ikon Allah," in ji shi. "Mantuwar nan ta juye abinci a faranti, ta ɗumama shi, ta ja ƙofa, har ta ɗaura ƙyalle kar ta ɓata riga. Na haura sittin a duniya, ban taɓa ganin mantuwa mai tsari irin wannan ba."

Nan na zube. Na ce Baba a yafe mini, ba azumi nake ba, tun farko ban ɗauka ba, kunya ce ta hana ni ci a gabansa, bakina ya riga hankalina. Ina magana muryata na karyewa kamar ta ɗan firamare. Baba ya ɗauko kofi. Ya ɗebi ruwa ya sha maganinsa, ya jawo 'yar kujerar roba ya zauna a gabana, ya ce, "Miƙo cokali." Na miƙa. Ya ja farantin tsakiyarmu. "Ci."

"Baba, na ƙoshi."

"Yanzu ka tuna da wannan? Ci."

Haka muka ci lazanya a faranti ɗaya ni da surukina, a ƙasan kicin, tawul na wuyana don na kasa samun ƙarfin cire shi. Abincin da na fi so a duniya, ranar ban ji ɗanɗanonsa ba ko kaɗan. Sai da muka kusa cinyewa ya ajiye cokali.

"Kunya na san ta, mu ma mun yi. Da cewa ka yi ka ƙoshi, da na gane na ƙyale ka. Amma ka rasa abin da za ka laɓe a bayansa sai ibada." Ya goge hannu. "Ni ba famfo ne ya kawo ni garin nan ba. Yarinya zan turo inda ba ta da uwa ba ta da uba. In tana lafiya, daga bakinka za mu ji. In ba ta lafiya, daga bakinka za mu ji. Yau sau biyu na tambayi bakin nan."

Daga nan ya miƙe. Na raka shi masauki. Na dawo na zauna ina kallon sabon labulen da na saya, ina tunanin yadda zan gaya wa Hafsa cewa na sayar da zuwanta a kan loma huɗu.

Washegari da safe ta kira. Na ɗauka, sai na ji ta cikin murna. "Ashe haka kake ba ka taɓa gaya mini ba? Jiya Baba ya turo wa Hajiyarmu saƙon murya kuna cikin gidan abinci, wai ka tashi gaisawa da mai wurin. Ya ce mijin 'yarsa azumin Litinin da Alhamis yake a tsakiyar China. Hajiya ta tura wa su Gwaggo, har kuka ta yi!" Na ce mata layin ba kyau, zan kira.

Kwana biyun da suka rage Baba bai tayar da zancen ba, ni kuma na rame a tsaye. Sai a filin jirgi, bayan an auna kayansa, ya ja ni gefe. Ya ce shi tunda yake bai taɓa faɗa wa iyalinsa magana ya dawo ya janye ba. "Don haka abu biyu ne. Ko in sauka in tara su in ce ƙarya ka yi mini, ko kai ka mayar da maganata gaskiya. Ba zan sa maka mai gadi ba, Wanda ake yi dominSa yana gani. In ka zaɓi na biyun, bayan wata uku ka aiko da tikitinta."

Na ce na zaɓi na biyun, tun bai rufe baki ba.

Hafsa ta iso a watan Fabrairu. A satin farko na zaunar da ita na gaya mata komai, don ban yarda in kai ƙaryar nan hawa na uku ba. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta share hawaye, sannan ta ce ita duk wannan bai dame ta ba, abin da Baba ya faɗa shi ya faɗa. Yau shekara biyu ke nan tana tashina sahur sau biyu a mako, ba fashi.

Abin da na koya kaɗan ne. In kunya ta kama ka a gaban suruki, ka ce ka ƙoshi, ka sunkuyar da kai, ba wanda ya taɓa mutuwa da wannan. In kuwa har sai ka yi ƙarya, to kar ka yi ta a gaban ɗan kasuwa. Ni Litinin kaɗai na yi wa ƙarya, Alhamis ɗin Baba ne ya ƙara mini gyara.